Lamba huɗu da na cinye

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ce dai tsohuwarka, da rubutun nan nawa na lakol, na 'yan makarantar boko, da kake cewa kamar kaza ta yi tsere a kan yashi. Ka daure ka karanta, yanzu ai ba ka da uzurin kasuwar Gangara.

Ɓarna na yi, Malam, kuma kai ne za ka san girmanta.

Bana malaman gona daga Gazawa suka roƙi ɗanka Sani gefen gandu. Sabon irin hatsi suke gwadawa, wanda ya yi kyau a sa shi a littafin gwamnati, sannan a yarda ya shiga hannun manoma. Kala shida aka shuka, kowane da ɗan filinsa da turke. Ko suna ba su da shi, sai lamba, kamar 'yan kaso. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada a taɓa ko zangarniya guda sai sun zo da sikeli.

Ruwa ya ɗauke hatsi yana da ciki. Namu na gado ya tsaya yana kallon sama har ya ƙone. Rumbu kuwa tuni an share shi, jikokinka ganyen tafasa suke ci safe da yamma. Cikin gonar nan duka, lamba huɗu kaɗai ya fid da kai da wuri, ya yi ido, ya nuna.

Ka san ni da tumu. Kai ke cewa in na shiga gona tsuntsaye ma sai su koma 'yan kallo. Na ce zangarniya biyar ba ta rage komai, na karya na gasa wa yara. Washegari goma. Ƙamshi ya tsallaka danga, kuma a garin nan wa ya taɓa hana maƙwabci tumun fari? Kafin sati biyu filin ya zama kamar kanka bayan aski.

Ranar awo lamba huɗu ya zo na ƙarshe. Na tsaya gaban malamin gonar na faɗi gaskiya. Ya sunkuyar da kai, ya ce zai rubuta cewa an taɓa filin, amma abin da ya shiga cikin yara ba ya hawa sikeli. Ya ce a wajen Cadawa ma tsuntsaye suka gama da shi, don ya riga kowa nuna. Mai yiwuwa ba za a sa shi a littafin ba. Ragowar suka ɗure a buhu suka tafi da ita, ko ƙwaya ban ɓoye ba.

Na tuna shekarar yunwa da ka rataye damin iri can ƙuryar rumbu, ina kuka ina zaginka, kana cewa wannan ba namu ba ne, na baɗi ne. Ni na baɗin na ci, kuma ba na gidanmu kaɗai ba.

Abin da ya fi damuna, Malam, da za a maido ranar, da na sake karya. Ƙaramar cikin jikokinka a ranar ta fara dariya.

Allah ya haskaka makwancinka. Allah ya sa a sami gonar da ta yi wa hatsin nan shaida, inda babu tsohuwa irina. In an tambaye ni a can lahira, ka tsaya kusa da ni, ko ba za ka ce komai ba.

Taka har kullum,
Kakar yara