Sunan da Ba Na Faɗa

Litinin, 7 ga Mayu, 2007
Yarinyar ta bar fom ɗin wurin da za ta yi bautar ƙasa a kan tebur. Gurbin "mahaifiya" ta rubuta Mariya. Mariya, Yayata! Ita ta riƙe ta tun daga yaye, na sani, ni na miƙa ta da hannuna don Allah bai ba Yaya haihuwa ba. To amma mahaifiya fom ya ce, ba marainiya ba. Wa ya yi kwana biyu yana naƙuda?

Laraba, 9 ga Mayu
Wata biyu tana gidana, kullum "Anti, ina kwana." Anti, sai ka ce maƙwabciya.

Alhamis, 10 ga Mayu
Na kai ƙara wurin Clara a ofis, sai ta kwashe da dariya. Wai, "Madam, kai ma ke-ke kake kiransa, ni ko sunansa ban sani ba." Shekara goma a Abuja Hausarta ba ta miƙe ba, ita ce za ta koya mini alkunya? Yarinyar 'yar farina ce. Uwata ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba har ta koma ga Allah, kuma babu wanda ya ce ba ta haife ta ba.

Lahadi, 13 ga Mayu
Yarinyar ta yi awa guda a waya da Yaya, "Umma" kaza, "Umma" kaza, har da shagwaɓa. Ina kicin ina yanka albasa, na yanke yatsa. Wallahi raina ya ɓaci.

Talata, 15 ga Mayu
Na kasa haƙuri, na ajiye mata fom ɗin a gabanta. Na ce ke, wa ya haife ki? Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ke ce, Anti." Na ce to? Sai ta ce, a hankali, wai ranar da ta karye a hannu Umma ce ta goya ta zuwa wurin mai ɗori. Wai ita ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba, ta ɗauka ba na so ne.
Ba na so! Ni da na zaɓi sunan da kaina. Ji rashin kunyar yaran zamani.
Ban ci tuwo ba.

Asabar, 19 ga Mayu
Kasuwar Wuse, sayen atamfa. A bakin ƙofa ta yi gaba da ledoji, wani ɗan tasi ya taho da baya ko madubi bai duba ba. Na ce ke! Ke! Mata biyar suka waiwayo, ban da ita. Sai kawai na ji bakina ya ƙwala, "Ruƙayya!"
Ta yi tsalle gefe. Ta tsaya tana kallona, ledar hannunta ta faɗi, ta ce, "Na'am." Ba ta ƙara Anti a kai ba.
Laifin ɗan tasin ne, na kuma wanke shi tas. Fom ɗin na ce ta bar shi yadda yake, Yaya ta yi wahala.
Ruƙayya ta dafa shinkafa, gishiri ya yi yawa. Na cinye.