Sunan da Za a Sa wa Na'urar

Trondheim

Ingunn,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Bodø, ya ƙafar Mama?

Na'urar nan ta yi aiki. Kin tuna yadda lu'ulu'un yake tsagewa duk lokacin da muka yanka shi siriri? Mun samu zarton da bai kai kaurin gashi ba, muka cike tsagogin da wani gam mai laushi, muka shafe fuskar da zinariya. Kan na'urar bai fi farcen ɗan yatsa ba. Makon jiya likita ta ɗora shi a maɗigar wani bakwaini, sautin da na'urar ke aikawa ya shiga ya dawo, sai ga jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa ƙarara a allo. Ta ga inda jini ya fara tsiyaya tun bai yi ɓarna ba.

Abokan aiki sun ce ni zan raɗa wa na'urar suna. Ina so in sa na yarinyarmu. Ba zan yi ba sai da yardarki.

Ki huta lafiya,
Halvard

Bodø

Halvard,

Muna lafiya, Mama ta gode. Na yi wa iyayen yaron murna, har na yi kuka a kicin.

Amma ban yarda ba. Tun da muka binne 'yarmu ka shige ɗakin gwajin nan naku, ka sa farar riga da takunkumi, ni kuwa ina gida ina ninke kayan da ba ta taɓa sawa ba. In na yi maganarta, ka yi mini maganar lu'ulu'u. Abin da ya kore ni ke nan. Yanzu kuma sunanta zai koma kan abin da za a riƙa gogewa da magani ana jefawa a aljihun tebur?

Sunanta Tuva. Ko a wasiƙarka ba ka rubuta shi ba.

Ka kula da kanka,
Ingunn

Trondheim

Ingunn,

Na samu amsarki, na gode. An sa wa na'urar lamba kawai.

Ranar gwajin, uwar yaron ta tambaye ni ko ina da 'ya'ya. Na ce ina da mace ɗaya. Ta ce, "Ya sunanta?" Na buɗe baki, babu abin da ya fito, har likita ta ja ni waje. Ba ƙin faɗin sunan nake yi ba, Ingunn. Na yi tunanin in yana jikin na'urar, ma'aikatan jinya za su riƙa kiran sa a gabana kullum, in ji shi ba sai na faɗa ba.

Ki gaida Mama.
Halvard

Bodø

Halvard,

Har yanzu ban yarda a sa sunanta a jikin ƙarfe ba. Amma ni kullum sai na kira shi, ba mai ji sai bango. Ka bugo mini ran Lahadi. Ba sai ka ce komai ba.

Ingunn