Kofin Abba

Juma'a, 29 ga Sha'aban 1273. Barikin Mirat.
Yau aka raba wa sojojin doki harsashin nan da ake cewa an shafa wa takardarsa, wadda da haƙori ake yaga ta, kitsen alade da na saniya. Kusan kowa ya ƙi karɓa, har da Yaya Imdad. An tsare su. Abba ya karɓa.

Lahadi, 1 ga Ramadan
Da shan ruwa kakata Dadi ta ware kofin Abba na tagulla, ta ajiye shi can bakin ƙofa.
Abba ya ce, "Umma, tsohon harsashi ne, irin wanda muka saba. Da yatsa ma na yaga shi, bai taɓa bakina ba."
Ta ce, "To da yatsan wa kake cin gurasa?"
Ni aka sa in riƙa wanke kofin da ƙasa. Na yarda da Abba. Amma ina wankewa sosai.

Laraba, 4 ga Ramadan
Na je rijiya. Matar Pandit-ji, malamin Hindu, ta janye tulunta, Khala Nasiban, Musulma 'yar'uwarmu, ma ta janye nata. Da ba sa shiri, yanzu a kaina sun shirya. Wata ta ce, "Ga 'yar sabon Kirista." Na ɗauki tuluna na dawo gida. Ba zan ƙara zuwa ba.

Asabar, 7 ga Ramadan
Zafi. Ban leƙa ko bayan labule ba.
Dadi ta ce bara Kamfanin Turawa da ke mulki ya cire mana sarki a ƙasarmu Awadh, bana sun zo kan addini. Wai har garin alkama na kasuwa an zuba masa niƙaƙƙen ƙashi. Yanzu ni nake niƙa namu a dutse, tafin hannuna duk ya yi kanta.
Na ji Abba yana cewa, "Na dafa Alƙur'ani na yi wa Turawa rantsuwa. In karya ta, ko in ƙi ɗana? Ki zaɓa mini."

Asabar, 14 ga Ramadan
An yanke wa su Yaya shekara goma. An tara bariki duka a filin fareti, aka tuɓe musu kaki, maƙera suka buga musu mari a ƙafa. Abba na cikin sahu, an sa shi ya kalla. Ya ce Yaya ya kira shi, "Abba!" Bai amsa ba, don ba a magana a sahu.
Ya faɗa mini haka ne yana kallon bango. Bai ci komai ba.

Litinin, 16 ga Ramadan
Jiya dab da magariba aka fara harbi ta wajen kasuwa, hayaƙi ya taso. Abba ya ɗaura sirdi. Aka kira salla. Ya ce, "'Yata, ba ni ruwa."
Na kai masa. Ya sha rabi, ya miƙo mini kofin, ya hau. Ban san ko wajen Turawa ya nufa ba, ko kurkuku. Ban iya tambaya ba. Yau an ce sojojin doki sun yi tawaye, sun nufi birnin Dilli.
Dadi ta ce, "Kin wanke kofin nan?"
Na ce eh.
Ban wanke ba. Da ragowar ruwansa na buɗe baki. Ƙishi ne kawai, ina jin.