Abin da Likita Ta Gani a Ƙirjina

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata Allah Ya sa kina cikin rahamarSa.

Inna, ranar Laraba na hau kabu-kabu zuwa asibitin Magariya. Wasu likitoci ne suka zo daga Damagaram suna neman waɗanda aka haifa bakwaini suka girma, don su ga yadda huhunmu yake. Tsohuwar ungozomar garinmu Bande ce ta ba su sunana.

Tambayar farko ta kayar da ni: wata nawa kika yi da cikina? Da ma Baba ya taɓa ce mini shi dai ya san ana roron gyaɗa aka haife ni. Sai na ba su abin da kike yawan faɗa: "Tafin hannu ɗaya ya ɗauke ki, kika yi kwana arba'in ɗaure a ƙirjina." Likitar ta rubuta, ba ta yi dariya ba.

Aka matse mini hanci, aka ba ni wani bututu na hura iya ƙarfina, har sau uku. Ta daɗe tana duban na'urar. Ta ce huhuna bai kai na tsarata ba, tun farko bai gama ginuwa ba na fito. Da ta ji ƙuli-ƙuli nake soyawa, ta ajiye alƙalami ta ce hayaƙin itace ba nawa ba ne.

Nan na ji muryarki, Inna. "Rabi, matsa daga murhu!" Kullum Yaya Hajo ce a gefen kasko, ni ina can ƙarƙashin darbejiya ina ɓarar gyaɗa. Ƙawaye suna ce mini raguwa. Na ɗauka kin fi son ta ne, na riƙe ki a zuci ban taɓa faɗa ba. Da kika rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba na janyo kaskonki, don in nuna na iya. Shekara huɗu ke nan ina tari, ina cewa mura ce.

Ba ki yi karatun boko a lakwal ba, ba ki da na'ura. Kunne kike karawa a bayana.

Na mayar wa Yaya Hajo kaskon. Za ta soya, ni in kai kasuwa. Ta yi kuka, ta ce kin taɓa roƙonta kada ta bar ni da wuta, nauyina ta ji, ta kasa hana ni.

Ranar Larabar, likitocin sun ce in na yarda za su riƙa kiranmu duk shekara, kuma ba su ɓoye mini ba, wataƙila ba ni zan amfana ba. Da zan fita na leƙa ɗakin haihuwa, na ga wata mata ta ɗaure ɗan mitsitsin jaririnta a ƙirji, idonta duk ya faɗa. Na koma na dangwala hannu a takardar amincewa.

Ki yafe mini zargin da na yi miki, Innata. Allah Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

'Yarki,
Rabi