Goron Inna da Babi na Uku

Roni, Asabar.

Zuwa ga maigidana, sanyin idona,

Sallama da fatan kana lafiya, ya aiki a Kanya Babba? Inna lafiyarta ƙalau, ƙafar ma ta yi sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda, wayar ba ta hannuna. Ka yafe mini, babi na uku na aikin kammala karatuna da na ce maka na gama, ko layi ban rubuta ba. Kullum sai in buɗe waya da niyyar duba darasi, sai in tarar an saka sabon shafin labari a zaurenmu na masu karanta littattafai. In ce wannan kawai, kafin in ɗago an kira la'asar. Jiya a Kazaure Malam Daudu mai duba aikina ya ce in bai gan shi ba ranar Alhamis, sai baɗi.

Na dawo gida jiki a mace, na zauna ina kallon mahaifiyarka tana ɓarar gyadar iri. Wata takwas ina gidan nan ban lura ba sai jiya. Buhu huɗu ne a zaure, amma ba ta kallonsu. Ƙwarya ɗaya take ɗiba, ta ɗaure goronta a bakin zani, ba ta kwance shi sai ta ga gindin ƙwaryar. Ba mai sa ta, ba mai duba ta. Na tambaye ta, ta ce, "Ma'u, in na kalli buhu ai barci zan yi."

Da kaina na miƙa mata wayar. Ta jefa ta cikin tukunyar daddawa, ta rufe. Tawa ƙwaryar shafi biyu ce, sai na rubuta su zan taɓa waya.

Taka har kullum,
Ma'u.

Roni, Alhamis.

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ruwan jiya ya iso gonakinku.

Asabar da Lahadi abin ya tafi daidai. In na cika shafi biyu Inna ta ba ni wayar, tana warin daddawa, in karanta har ta kai rabin wata ƙwaryar, in mayar. Litinin ce ta kayar da ni. Na zauna da biro tun hantsi, hankalina yana wajen wata baiwar Allah da na bari a labari tana kuka a tasha. Na gyara gado sau biyu. Na wanke kwanukan da ke wanke.

Bayan la'asar na fito, na ga Inna ta gama ƙwarya uku, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, idonta ya yi ja. Ƙullin goron yana nan bai motsa ba. Ashe tun Asabar ta daina cinsa a kan tata ƙwaryar, sai a kan tawa, ba ta gaya mini ba. Ka san yadda kanta yake sara in ta rasa shi. Da na yi magana ta ce, "Ke da malaminki, ni ina ruwana? Goron ne ban ga dama ba."

Wallahi ban san hannuna yana gudu haka ba. Kafin magariba na ajiye mata shafi biyar a kan tabarma. Ba ta iya karanta su, amma ta juya su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kwance ƙullin.

Yau kafin azahar na miƙa wa Malam Daudu babin. Ya yi jan biro a wurare da dama, amma ya karɓa.

In za ka zo, ka biya kasuwar Babura ka zaɓo mata goro fari, manya. Ni zan miƙa mata, a durƙushe.

Matarka,
Ma'u.