Gidan Maraɗi da na sa sunanka

Assalamu alaikum. Zuwa ga jikana Habibu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Na ji an ce ba ka buɗe saƙon muryata, shi ya sa na rubuta a nan, inda kowa zai gani. Ka yi haƙuri da rubutun, kakarka aji huɗu ta tsaya.

Ka tuna na zo Doha yi wa Goggonka zaman jego, korona ta rufe hanya? Wata da watanni ina ɗaki a unguwar Bin Mahmud, ba abin da nake ji sai an ce tsofaffi cutar ke ɗauka. Na ga kamar ba zan koma ba. Sai na kira ƙanena a Maraɗi, na ce gidan da na gada wurin babanmu a mayar da shi sunanka. Ban gaya wa kowa ba. So nake sai bayan raina ka ji, ka ce ashe tsohuwar nan mai rowar goro tana da abin hannu.

To, ban mutu ba. Kai kuma ka nemi aikin tsaro na gwamnati, irin wanda sai an bincike mutum har kakanninsa. Takarda ta tambaye ka ko kana da gida ko fili a wata ƙasa, ka rubuta babu. Gaskiyarka ka rubuta, tunda ba ka san da gidan ba, Maraɗi kuwa ƙasar waje ce a wurinku.

Lokacin ƙwallon duniya ne mai binciken ya kira ni. Muna bakin ruwa a Corniche da la'asar, Turawa da Larabawa sun shafa fenti a fuska suna ta ihu. Ya ce a kanka yake tambaya. Habibu, na ɗauka irin binciken aure ne, wanda ake kuranta yaro a nuna ɗan dangi ne. Na gyara zama. Na lissafa masa dangi a Maraɗi, dangi a Zangon Kumasi, mijin Goggonka a nan. Da na ji yana saurare, daɗi ya kwashe ni, na ƙara masa da gida mai ɗaki shida da sunanka a takarda. Har godiya ya yi mini.

Sai daga baya babanka ya fahimtar da ni. Dangi a waje ba laifi ba ne in ka faɗa. Abin da ya kayar da kai, sun ɗauka ɓoye gidan ka yi.

Kai da ba ka taɓa cin canjin aike ba, bakina ya sa aka kira ka maƙaryaci.

An ce akwai damar a sake duba maganarka. Na sayi tikitin jirgi zuwa wurinku. Zan je da takardun gidan da ƙanena, in rantse musu ba ka sani ba. In sun ƙi sauraron tsohuwa, zan zauna a ƙofarsu, ka san ni da naci.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Sallar da ta wuce ka kira ka ce mini "Hajiya, ina wuni", kamar wata baƙuwa. Gara ka yi mini faɗa.

Allah Ya wanke ka a idonsu, Ya ba ka abin da ya fi alheri, ni kuma Ya yafe mini.

Taka mai laifi,
Kaka Dije