Mayafin Inna a Fuskar Lasifika

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙafar nan. Mu nan kowa lafiya, Kawu ya warware har yana fita ƙofar gida, Gwaggo kuma kullum sai ta tambaye ki.

Yaya, zauna kafin ki ci gaba da karatu. Kin tuna baƙin mayafin Inna mai ratsin ruwan toka, wanda muka ce a bar shi a akwatinta har ki dawo, saboda shi kaɗai ya riƙe ƙamshinta tun rasuwarta? To, Autanmu ya yanka shi. Ƙato da gemunsa! Wai yadin da yake rufe fuskar lasifikokinsa na haya ya ƙare, ga aiki ya taso, sai ya buɗe akwatin yana hura iska cikin kayan Inna ɗaya bayan ɗaya, don ya ga wanne sauti zai ratsa. Mayafin ya fi kowanne shara-shara. Na shiga shagonsa na tarar da mayafin ɗame a kan katakon lasifika, an shafa masa gam, an bi gefensa da ƙananan ƙusoshi, kiɗa yana kaɗa shi. Da na yi magana, ko kunya babu, ya ce ai tsumma ne, kuma Inna da kanta za ta so ya yi amfani.

Na juya na fita. Ya manta tare Baba ya koya mana wannan aiki, kuma hannuna ya fi nasa. Ranar da ya tafi sayen wayar lasifika, matarsa ta miƙo min makullin shago ba tare da ta tambayi dalili ba, ta kuma haɗa min da shuɗiyar kwat ɗinsa mai kauri, wadda yake tinƙaho da ita a wurin taro. Na zare ƙusoshin a hankali, na ɓamɓare mayafin. Sannan na sa wa kwat almakashi, na ɗora yankunan a fuskar lasifikoki biyu. Na ja daga tsakiyar gefe guda, na ja kishiyarsa, na naɗe kusurwoyi daga ƙarshe yadda Baba yake yi, ko tattara ɗaya babu. Aljihun na daidaita shi a tsakiyar ɗaya, maɓallan a ɗayar. Haka ya kwashe su ya kai wurin aiki don lokaci ya ƙure, sauti na fita kamar mai magana cikin bargo, mutane na nuna aljihun suna dariya. Wallahi na ji daɗi.

Kada ki rubuto ki ce in yi haƙuri, domin ban huce ba. Ga yankinki na mayafin nan na sa cikin ambulan, za ki ga hujojin ƙusa a gefensa. Na wanke, na shanya, na shinshina har na gaji, Yaya. Ƙamshin Inna ya tafi, sai warin gam. Auta kuwa yana da sauran kwat guda, kuma matarsa ta faɗa min inda yake rataye ta.

Ki gaida maigidanki, da takwarata, da ƙaramin mai rigima. Kawu da Gwaggo suna gaishe ku. Auta bai ce a gaishe ki ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki